Yadda ake taimaka wa yaro mai tsamin baki ya kama karatu, abin da muka yi da autana mataki-mataki

Tun da na yi maganar autana a wajen wani suna a Unguwar Dosa mata ke ta bina da tambaya, wata ta kira waya wata ta aiko saƙo, kowa da irin nata yaron, shi ne na ce bari kawai in zauna in rubuta shi gaba ɗaya in huta da maimaici. Ni dai ba likita ba ce, uwa ce da ta yi jelen asibiti da wajen mai gyaran magana har ta haddace wasu abubuwa, to abin da na koya shi zan faɗa.

Autana yana da shekara 4 amma kofi "tofi" yake cewa, kare "tare", gida "dida". In ya ce "Mama ba ni tofi" sai Hajiya, surukata, ta tuntsire da dariya ta ce zo nan mijina in yi maka tofi. Kowa na ganin abin dariya ne, har da ni. In na ɗan nuna damuwa sai a ce haba, namiji ne ai, maza dama suna da nauyin baki, babansa ma sai da ya girma bakinsa ya buɗe. Sai da muka sa shi a wata nazare a nan unguwarmu, kullum a dawo da homwok a rubuta A zuwa Z, a rubuta 1 zuwa 50, yaro na kuka ina kuka, antinsu ta rubuto a littafi wai ba ya maida hankali. Lesin ma na sa masa, kuɗina kawai ya tafi. Ashe matsalar ba a hannunsa take ba, ba kuma ƙyuya ba ce, yaron bai taɓa jin bambancin "k" da "t" sosai ba balle ya gane me ya sa aka ba su zane daban-daban.

Abin da mai gyaran maganar ta fara fahimtar da ni kenan, kuma shi ne gindin duk abin da zan faɗa: rubutu hoton sauti ne. Yaron da kunnensa bai iya tsinke kalma gunduwa-gunduwa ba, in kin nuna masa harafi zane kawai yake gani kamar zanen lalle. Shi ya sa yaran da ke da matsalar furuci suka fi shiga haɗarin wahala a karatu, ba duka ba amma da yawansu. To kunne za a fara gyarawa, sai baki, sannan a zo kan biro.

Mataki na 1: a auna masa ji, kafin komai

Dan Allah kar ki tsallake wannan. Ni ma da cewa nake ai yana ji, tunda in na buɗe ledar biskit daga kicin yana tsakar gida sai ya rugo. Ashe jin ƙara daban, jin magana tar-tar daban. Yaran da ke yawan mura da ciwon kunne, musamman lokacin hunturu da ƙurar nan tamu ta Kaduna, ruwa kan taru a bayan dodon kunnensu, ba zafi ba mugunya, sai dai yaro ya riƙa jin magana kamar wanda ya nutsa kai a bokiti. Sautuka marasa ƙarfi irin s, f, sh, t, k su ne ke fara ɓace masa. Abin da aka samu a kunnen autana kenan.

Mu 'yan Kaduna Allah Ya hutar da mu tafiya, Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a garin nan take, gwamnatin tarayya ta kafa ta a 1999, mutane daga jihohi suke zuwa. Ki je da sassafe, ki ce gwajin ji kike so a yi wa yaro. Gwajin ba ya da zafi, har jarirai ana yi wa irin nasu. Ki tuna ki faɗa wa likita in yaron ya taɓa yin shawara mai tsanani yana jariri, ko sanƙarau, ko ƙyanda, ko hangum, ko an haife shi bakwaini, don duk waɗannan suna iya taɓa ji. Haka in an taɓa yi masa allurai masu ƙarfi irin jentamaisin, ki ambata. Kuma kafin ki je kar ki ɗiga masa komai a kunne, ba man ja ba ruwan ganye ba maganin da mai kemis ya ba maƙociya, auduga da tsinken ashana da gashin kaza ma a ajiye su.

Akwai ɗan gwajin da ake yi a gida kullum da safe da sautuka 6: a, u, i, m, sh, s. Ki tsaya bayansa inda ba ya ganin bakinki, ki faɗi ɗaya da muryar hira, ya maimaita ko ya ɗaga hannu. In kullum "s" da "sh" ne ke wuce shi, ki rubuta ki kai wa likita. Amma wannan ba ya maye gurbin gwajin asibiti fa.

Mataki na 2: ki san ko lokacin damuwa ya yi

A taƙaice dai: wajen wata 6 zuwa 9 jariri ya fara gwaranci, bababa mamama. Wajen shekara 1 kalmar farko. Shekara 2 ya kai kalmomi kamar 50 yana haɗa biyu, "Mama ruwa", "Baba tafi". Shekara 3 baƙo ya gane yawancin maganarsa, shekara 4 kusan duka. Maida k ta koma t da g ta koma d abu ne da ƙananan yara da yawa ke yi, amma ya kamata ya wuce wajen shekara 3 da rabi zuwa 4. Ita kuwa r tana cikin masu zuwa a makare, ɗan shekara 4 da ke cewa "yuwa" ko "luwa" maimakon ruwa bai isa tada hankali ba tukuna.

Wanda ba a jira da shi: yaron da ba ya waiwayowa in an kira sunansa, ba ya nuna abu da yatsa, ba ya haɗa ido, ko ya fara magana sai kalmomin suka ɓace. Wannan likitan yara za a kai shi kai tsaye, asibitin Barau Dikko ko duk inda ya fi miki kusa, a duba ko otizim ne, wato larurar da ke taɓa magana da mu'amalar yaro da mutane, ko wani abu daban.

Sai maganar linzami. Kusan duk wadda na gaya wa matsalar autana sai ta ce a kai shi wajen wanzami a yanke masa linzami. Linzamin harshe gaskiya ne akwai shi, amma ba shi ke hana yaro fara magana ba, kuma k da g da bayan harshe ake yin su, ina ruwansu da zaren da ke ƙarƙashin harshe? In kina zargi likita ya duba, kar a kai reza bakin yaro. Yare biyu ko uku ma ba sa jawo jinkirin magana, ki ci gaba da yi masa Hausarki ko Fulatancinki ko Gbagyinki, Turanci zai same shi a makaranta. Na ga iyaye a Kaduna sun daina yi wa yaro Hausa kwata-kwata wai kar ta rikita shi, suka koma wani guntun Turanci da su kansu ba su sake da shi ba, yaro ya tashi ba wan ba ƙanin.

Mataki na 3: zuwa wajen mai gyaran magana

Masu wannan aikin ba su da yawa a ƙasar nan, gaskiya kenan, don haka a asibitin da aka yi gwajin ji ki tambaya a tura ki. Kafin ranar ki ɗauki bidiyon yaron a waya yana wasa yana surutunsa na gida, minti 2 ko 3 ya isa, don yawancinsu in sun ga baƙuwar fuska sai su kulle baki gam. Ki rubuta kalmomi kamar 20 da yake faɗa ba daidai ba da yadda yake faɗarsu. Ki gaya mata yarukan da ake yi a gida. In ba ta jin Hausa ki dage a gwada shi da kalmomin Hausa ke kina fassarawa, saboda Bahaushen yaro da ya ce "sukul" ko "fensir" ko ya maida p ta koma f ba ciwo gare shi ba, harshensa ne, Hausa ba ta tara baƙaƙe irin s da k a farkon kalma ba wasali a tsakani, shi ya sa ma muke cewa burodi da fulawa.

Kuma ki shiga ɗakin ki zauna, kar ki tsaya waje kina danna waya. Ita sau ɗaya a sati take ganinsa na ɗan lokaci, ke ce ke tare da shi sauran kwana 6. Ranar farko ta ce min, Maman yaro, ni koya miki zan yi, ke za ki koya masa.

Mataki na 4: wasan kunne, a nan aikin yake

Minti 10 a rana, ba fi ba. Mu bayan la'asar muke yi kafin ya tafi wasa, tibi a kashe, in janareton maƙota na ruri mu koma ɗakin ciki. In ya gaji a minti 6 a tashi. Ba bulala a wajen, ba "kai dai ba ka da kai".

Satin farko ko kalma ba mu taɓa ba. Ya rufe ido in kaɗa makullai, ko in buga cokali a kofin silba, ko in zuba ruwa a buta, ya faɗi mene ne. Daga baya in yi biyu a jere ya faɗi wanne ya fara. Kamar shirme ko? To koyon tsayawa a saurara ne, yaran da suka daɗe kunnensu a toshe sun saba da barin sauti ya wuce su.

Sai gaɓa. Nan Hausa ta yi mana gata don kalmominmu a yanke suke tun asali, baƙi da wasali, baƙi da wasali. Mu fara da tafi da sunayen 'yan gida: Mu-sa tafi 2, A-mi-na tafi 3. Sai abinci, tu-wo, ta-li-ya, shin-ka-fa. Wanda ya fi so shi ne na unguwanni in muna cikin keke: Ka-wo 2, Man-do 2, Ma-la-li 3, Bar-na-wa 3, Ba-da-ra-wa har 4, ranar da ya gano wannan ihu ya yi sai da mai keken ya waiwayo. In tafi ya gundure shi sai tsalle, ko ya sa hannu ƙarƙashin haɓa ya ƙirga sau nawa ta sauka. Da ya iya rabawa sai na juya abin, ni in yanka shi ya haɗa: in ce "ɗauko min ta... bar... ma", ya tsaya ya yi tunani ya ruga ya jawo tabarma. Wannan haɗawar ita ce karatu fa, harafi ne kawai babu.

Bayan kamar sati 3 muka shiga cirewa da juyawa. Ce Rigasa. To ce Rigasa amma kar ka ce "sa". Riga! Ce Kaduna ba "Ka". Sai juyi: masa ta koma sama, gora ta koma rago, baka ta koma kaba, gida ya koma dagi. Ina cikin yi sai Hajiya ta leƙo ta ce yo wannan ai zaurance ne, mu da muka yi shi a dandali ba wanda ya biya kuɗi. Kuma gaskiyarta, zaurancen da muka yi muna yara na juya gaɓa ko cusa wata a tsakani, motsa kunne ne na gaske, mu ne muka yar da shi muka miƙa wa yara waya. Tun ranar ita ta karɓi wannan ɓangaren, ta ma fi ni iyawa nesa ba kusa ba.

Sai amsa-amo, wato kalmomin da ƙarshensu ya yi kama: tuwo, kiwo, ciwo, yawo. Taliya, bishiya, tsintsiya, mujiya. Ki faɗi uku, biyu masu kama ɗaya bare, "gado, dodo, kifi", ya fitar da baren. In ya ƙirƙiro kalmar da babu ita kamar "fuwo" ki karɓa, kunnen ne ke aiki. Ban daɗe a nan ba.

Mai wuyar shi ne sautin farko, don yanzu an wuce gaɓa an shiga cikinta. Ki fara da sautukan da ake iya ja: mmm, sss, nnn, fff, shhh, zzz. "Mmmmasa, me ka fara ji?" Irin su b, d, k ba sa jawuwa, a bar su sai daga baya. Kuma ki kula da bakinki, "mmm" za ki ce ba "ma" ba, "sss" ba "sa" ba, in kika liƙa masa wasali tun yanzu gobe zai karanta "nama" ya ce "na-a-ma-a". Na fi sati ina wannan kuskuren kafin a gyara min. Mukan zagaya gida da kwando muna farautar abubuwan "sss": sabulu, soso, sukari, silifas. Daga nan sai marafan lemo, ki jera 2 a gabansa, ya tura ɗaya ya ce mmm, ya tura ɗaya ya ce aaa, ya ja yatsa ƙarƙashinsu da sauri ya ce ma. In ya ƙware a koma marafai 4, n-a-m-a.

Mataki na 5: gyaran sautin da ya gagara

Wannan tare da mai gyaran magana ake tsara shi, ita za ta zaɓi sautin da za a fara, ɗaya tak ba duka ba. Namu k ne. Ga yadda aka bi.

Da farko shi ba ya cewa komai, ni ke faɗa shi yana nunawa. Na zana hotuna biyu-biyu a bayan kwalin indomi: kaya da taya, kofi da mai tofi, kare da yara biyu a tare, goro da doro. In ce "nuna min taya", in rufe bakina da takarda kar ya karanta leɓena. Sai da ya riƙa samun 8 ko 9 cikin 10 muka wuce. Daɗin wannan wasan shi ne in aka juya shi ke faɗa, ya ce "taya" alhali kaya yake nufi, sai in miƙa masa hoton taya da fuskar rashin sani, ya fusata ya ce ba shi ba, to a nan ya gane da kansa cewa sauti ɗaya na canza magana.

Sai fitar da sautin shi kaɗai. Muka zauna gaban madubi, na ce t 'yar gaba ce, kan harshe ke taɓa bayan haƙora, k kuma 'yar baya ce, can kusa da maƙogwaro. Ya sa hannu a wuyana ya ji. An sa shi ya kwanta rigingine ya yi kamar mai kurkurar maƙogwaro don harshe ya faɗa baya da kansa, wani lokaci ya danne kan harshensa da yatsarsa mai tsabta bayan haƙoran ƙasa ya buɗe baki sosai ya gwada. Kwana 9 muna samun "t, t, t", ina ji kamar in fasa. Rana ta 10 yana kwance a kan tabarma yana wasa da ƙafa sai ga "k" ta fito ƙarara, shi kansa sai da ya zaro ido. Malaman islamiyya da ke koyar da makharijul huruf ai wannan aikin suke yi, nuna wa yaro daga ina harafi ke fita, in malaminsu mai haƙuri ne ki gaya masa sautin da kuke kai ya taya ki.

Daga nan hawa-hawa ne kuma ba a tsallake: gaɓa (ka, ko, ku, sannan ki da ke), kalma mai k a farko (kofi, kaza, kuɗi), mai k a tsakiya (doki, baki), kalma biyu (kofin Kaka), jimla, sannan hira. Ki guji kalmomin da ke da k da t tare kamar kati ko katako a farkon tafiya, suna dawo da shi baya. Kuma kar ki yi mamaki in a lokacin darasi yana cewa kofi tsaf amma da an tashi ya koma tofi, haka abin yake, sai ya ɗau watanni kafin ya zauna a bakinsa.

In ba cikin minti 10 ɗin nan ba, ba gyara. In ya ce "tare ya shigo dida" kar ki ce ba haka ake faɗa ba, maimaita. Ki amsa masa kawai da daidai ɗin kina ɗan danna sautin: eh wallahi, kare ya shigo gida, kore shi. Yayyensa kuma na kafa musu doka, duk wanda ya kwaikwaye shi ko ya sa shi faɗar kalma don baƙi su yi dariya, shi da kallon katun sai wani satin. Baban yara ma sai da na roƙe shi ya daina kiran kofi tofi don wasa.

Da k ta zauna sai muka shiga masu ƙugiya, kaya da ƙaya, kafa da ƙafa, baki da baƙi, daka da ɗaka, sai sara da shara da tsara. Kun ga ma dalilin da na daure nake sa ƙugiya a rubutun nan duk da wahalar kibod ɗin wayata. Karya harshe irin na kwaɗo da ƙato da ƙoto kuwa sai can ƙarshe, in kika ba yaro shi da wuri kunya kawai za ki ba shi.

In in'ina ce matsalar naki, wannan hanyar daban ce. Takan fara tsakanin shekara 2 da 5 kuma yawancin yara tana barinsu da kanta. Kar ki ce masa yi a hankali ko ja numfashi, kar ki ƙarasa masa magana, ke ki rage saurin taki ki jira shi. In ta wuce wata 6, ko yana matse fuska yana kokawa da kalma, ko akwai masu ita a dangi, a kai shi a gani.

Mataki na 6: yanzu a kawo harafi

Sai da ya iya jin sautin farko muka koma kan haruffa, kuma sautinsu na koya masa ba sunansu ba. Ga inda yaranmu ke rikicewa: a waƙar ABC ta makaranta harafin a sunansa "ei", e sunansa "i", i kuma sunansa "ai". Yaro ya zo karanta Hausa an ce masa i ita ce "i", alhali da safe anti ta ce e ce "i". Ga c, a Hausa ta ciki da cokali ce, a Turanci wani lokaci k wani lokaci s. Ni na zaɓi mu fara da Hausa a gida saboda kusan yadda aka rubuta haka ake faɗa, kuma kalmomin ya san ma'anarsu. Abin da rubutunmu ba ya nunawa shi ne tsawon wasali da karin sauti, gari na zama da garin tuwo rubutunsu ɗaya, kuka na hawaye da kukar miya haka, wannan jimla ce ke warware shi kuma yaro mai jin Hausa ba ya shan wahala a kai.

Haruffa 4 muka fara da su: a, m, n, k. Da su kaɗai ga mama, nama, kaka, kama, Nana, kai har jimla, "Mama na nan", "An kama Kaka". Ranar da ya karanta wannan ta biyun da kansa ya ruga ya gaya wa Hajiya wai an kama ta, ta ce ja'iri, uban wa ya kama ni. Harafi ɗaya ko biyu a sati ya isa. Ya rubuta shi da yatsa a faranti mai yashi ko garin masara yana faɗin sautin, sannan da gawayi a siminti, biro ne na ƙarshe. Sai ma, me, mi, mo, mu. Tsarin makarantar allo ma ai haka yake, babbaƙu tukuna sannan farfaru, ba a haɗa wa yaro duka rana ɗaya.

Kar ki koyar da b da d a sati ɗaya, balle mu da muke da huɗu masu kama, b, d, ɓ, ɗ. Ki ba su tazarar sati 2 ko 3. Juya harafi baibai abu ne da aka saba gani har wajen shekara 7. In ya wuce nan yana yi, ga karatu na ta gagara duk da ana ƙoƙari, sai a duba ko disleksiya ce, wato larurar da ke sa karatu ya yi wa yaro wuya, a kuma auna idonsa, asibitin ido na ƙasa na nan hanyar Mando.

In makarantarsu na amfani da tsarin koyar da karatu na Jolly Phonics, wanda ke farawa da s, a, t, i, p, n, ba ya karo da abin da kike yi, shi ma sauti yake koyarwa. Ki je ki sami antin cikin mutunci, ki nuna mata takardar asibiti, ki roƙa a dawo da shi layin gaba kusa da ita, ta riƙa fuskantarsa in tana magana, a rage masa kwafe-kwafen nan. Tamu da farko ta ɗan sha ƙamshi, da ta ga takarda sai ta sauko.

Sai karatun dare da tatsuniya. Ko littafi ɗaya gare ki mai hotuna ki karanta masa kullum kina bin kalmomi da yatsa, ki tsaya ki tambaye shi me yake gani zai faru. In babu littafi ga Gizo da Ƙoƙi, ga kacici-kacici, ga rubutun jikin gwangwanin madara da allunan shaguna a Kasuwar Barci. Waya kuma a rage, Hukumar Lafiya ta Duniya a shawarar da ta fitar a 2019 ta ce 'yan shekara 2 zuwa 4 kar su wuce awa 1 a rana gaban allon waya ko tibi, jarirai kuwa sam. Na san da wuya in kina girki yaro na jan zaninki, ni ma ina miƙawa wani lokacin, amma katun ba ya jira yaro ya amsa.

Ki samu ƙaramin littafi ki riƙa rubuta kwanan wata da abin da kuka yi da nawa ya samu cikin 10, kuma duk farkon wata ki yi masa rikodin yana faɗin kalmomi 10 ɗin nan dai, kar ki canza su. Ke da kike tare da shi kullum ba za ki ji canjin ba sai kin kunna na wata 3 baya. In an yi wata 2 ko 3 ba motsi ko kaɗan, ki koma da littafin wajen mai gyaran maganar a sake tsari, a kuma sake duba kunnen don ruwan nan yakan dawo bayan mura, namu sau biyu yana dawowa.

Yanzu autana na da shekara 6, yana aji ɗaya, yana karanta gajerun jimlolin Hausa da kansa, Turancin na biye a hankali. R ce ta rage mana, har yau "luwa" yake sha, kuma ashe r ɗin ma iri biyu gare mu, ta bara mai yi wa sarki hidima daban ta barar almajiri daban. An ce mu fara da ta ruwa da rana, na riga na yanka kwalayen hotunan, ranar Asabar za mu koma.